Zafi ne ke kashe kwamfutarka, ba bairos ba

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon kusan duk sun taru a kan abu biyu: kwamfutar da ke mutuwa ba wanda ya ce ta mutu, ko wadda aka ce ta mutu ta ƙi, sai kuma rigimar Wi-Fi na gida. Waɗanda suka aiko tambayoyin waya su yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malam, laftof ɗina mai Windows 10 ce. Idan na danna Shut down sai allo ya yi baƙi, amma fitilarta ta ƙi mutuwa, fanka ta yi ta juyawa har sai na danne maɓallin kunnawa. Me ke damunta? (Wata malamar makaranta daga Katsina)

Amsa: Malama, galibi Fast Startup ne. Tun daga Windows 8 aka shigo da shi: idan kin kashe kwamfuta ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye wani sashe na Windows a rumbunta don ta yi saurin tashi, to a wajen ajiyar nan ne wasu kwamfutocin ke maƙalewa. Ki shiga Control Panel, sai Power Options, sai Choose what the power buttons do, ki cire alamar da ke kan Turn on fast startup. In wurin ya ƙi taɓuwa, akwai wani shuɗin rubutu a sama, shi za ki fara dannawa. Ni duk kwamfutar da ta shigo hannuna shi nake fara kashewa, don 'yan daƙiƙun da yake rage wa mutum ba su kai ciwon kan da yake jawowa ba. Ki kuma riƙa zare filashi da firinta kafin ki kashe. Sannan ki sani Microsoft ta daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka ki fara tunanin gaba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, bara na sayi laftof ta gwanjo. Tun da zafi ya shigo, in na yi kamar rabin awa ina aiki ko kallo sai ta mutu ɗif, babu wani gargaɗi. Na kai wa mai gyara ya ce bairos ne, ya yi mata fomatin, rubutun furojet ɗina ya tafi. Ba a yi kwana uku ba ta ci gaba da halinta. Yanzu ya ce in kawo a sake sa mata wani Windows ɗin. In kai? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Amsa: Kada ka kai, ƙanena. Kuma ka gyara zama, don wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ban san wanda ya koya wa mutanenmu cewa duk ciwon kwamfuta bairos ne, duk maganinsa kuma fomatin ba. Kwamfuta ta yi nauyi, fomatin. Ta ƙi kama Wi-Fi, fomatin. Ta mutu da kanta, fomatin. Ana goge wa mutane hotunan aure, da lissafin shago, da rubutun da ɗalibi ya yi wata da watanni yana haɗawa, a kan cutar da ba ta ma cikin Windows. Akwai masu gyara na kirki da suka san aikinsu, ina girmama su. Amma fomatin aiki ne da ba ya buƙatar a kwance noti ko ɗaya, a soka filashi a zauna ana hira a karɓi kuɗi, shi ya sa ragwaye suka mayar da shi abin yi.

Yi tunani da kanka. Wanda ya rubuta bairos so yake ya saci kalmar sirrinka, ko ya kulle fayilolinka ya nemi fansa, ko ya yi amfani da kwamfutarka ba ka sani ba. Duk wannan sai tana kunne. Me zai ci a matacciyar kwamfuta? Sannan idan manhaja ce ta kashe ta, za ka ga rubutun Shutting down, ko shuɗin allon nan mai ɗauke da saƙon kuskure. Mutuwar ɗif, kamar an zare filogi, yanke wuta ne daga cikin injin, kuma abu uku ke kawo shi: zafi, ko batir da caja, ko lahani a allon injin.

Naka zafi ne, wasiƙarka ma ta faɗa. Ta gwanjo ce, da shigowar zafi ta fara, kuma sai ta ɗauki lokaci tana aiki kafin ta mutu. A cikin furosesa, wato ɗan guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi, akwai ma'aunin zafi. In zafinta ya doshi digiri 100 sai ta fara rage gudu, in hakan bai wadatar ba ta yanke wuta don kada ta ƙone. Wato ceton kanta take yi, kai kuma kana kai ta a goge mata ƙwaƙwalwa.

Waɗannan kwamfutocin sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka masu sanyi kafin a loda su zuwa nan. Sun zo sun sha ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai kuma zafin Maris da Afrilu ya sauko musu, wanda a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40 a inuwa. Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan laftof ya san abin da ake tararwa. Tsakanin fanka da siraran haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita, ƙura da zaren bargo sun haɗu sun yi curi kamar gashin da ake sharewa a shagon aski, ka kama da yatsa biyu ka ɗago shi ɗungurungum. Fanka na ta ihu, amma sa hannunka a bakin tagar, babu iskar da ke fita. In aka ɗaga bututun jan ƙarfen da ke kan furosesa kuma, man nan mai ruwan toka da ake shafawa a tsakaninsu ya bushe ƙamas, yana farfashewa. Aikinsa ya miƙa zafi daga furosesa zuwa bututun, busasshe kuwa ba ya miƙa komai.

Kuma ba sai ka faɗa mini inda kake ɗora ta ba. Kan katifa ne, ko kan filo, kana kwance ruf da ciki kana kallo. Ta ƙasa mafi yawan laftof ke shaƙar iska, kai kuma ka toshe mata hanci da bargo.

Kada ka yarda da ni haka kawai, gwada. Sauke Core Temp ko HWMonitor, manhajojin da ke nuna zafin furosesa, duk kyauta ne, ka zuba ido kan lambobin. Laftof mai lafiya da ba ta aikin komai takan tsaya tsakanin digiri 40 da 60. In taka tana 80 ba ka buɗe komai ba, ko tana haura 95 kafin ta mutu, magana ta ƙare. Gwaji na biyu ya fi wannan daɗi: shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga da zarar an kunna ta, ka bar ta a nan. A wannan wurin Windows bai ma tashi ba, balle wani bairos. In ta mutu a nan, ka je ka tambayi mai gyaran naka wane bairos ne ya bi ta har can. Mai son ƙarin hujja ya buɗe Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abin da ya faru a cikinta: lamba 1074 na nuna wata manhaja ce ko mutum ya ba da umarnin kashewa, har da sunanta, lamba 41 ta Kernel-Power kuwa na nuna ta mutu ne ba shiri.

Gyaran ba tsada. Nemi wanda zai buɗe ta a gabanka, ya share fanka da tagar iska, ya goge tsohon man ya shafa sabo, ɗan ɗigo kawai. In zai hura da bulowa ya riƙe fankar kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima. Tun da an buɗe, a duba batir: in ya kumbura, har ya fara ɗaga wurin da kake goga yatsa, a cire shi ranar, don wannan gobara ce ke jira. A duba caja ma, lambobin da ke jikinta su dace da na ƙasan laftof. Mai neman wat 65 ko 90 ba a ba ta cajar wat 45 don ta fi araha. Daga nan ka mayar da sharar nan al'ada, sau ɗaya a shekara, da zarar hunturu ya wuce. Ka riƙa ɗora ta kan tebur ko faranti, ka ɗan ɗaga bayanta. Masu sa laftof a firij ko ɗora ta kan ƙanƙara kuma, don Allah ku bari, raɓa za ta taru a ciki ta gama da ita.

Batun furojet ɗinka ne ya fi ɓata mini rai. Kana iya gwada Recuva ko PhotoRec, manhajojin dawo da fayilolin da aka goge, amma tun da an sa sabon Windows a kai kuma ka ci gaba da amfani da ita, kada ka sa rai sosai, musamman in rumbunta SSD ne. Duba imel da WhatsApp ko ka taɓa tura wa malaminka wani babi. Daga yau kuma duk daren da ka yi rubutu ka jefa shi Google Drive kafin ka kwanta. Gigabait 15 suke bayarwa kyauta, furojet ɗinka ko kusa ba zai cika shi ba. Allah ya mayar maka da alheri.

Tambaya: Kwamfutar tebur ta shagona tana mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta muka koma janareta, alhali na sa mata sitabilaiza. (Mai shagon buga takardu daga Gusau)

Amsa: Alhaji, sitabilaiza daidaita ƙarfin wuta take yi, ba ta ajiye wuta. UPS kake buƙata, na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. In kana da shi kuma yana mutuwa tare da kwamfutar, batirin cikinsa ne ya gaji, a canza shi, ba sai ka sayi sabon UPS ba. Kada ka haɗa firintar leza ko injin fotokwafi a kansa, sun fi ƙarfinsa.

Tambaya: Laftof ɗina tana nuna ta haɗu da Wi-Fi amma ta rubuta No internet. (Wani ma'aikaci daga Dutse)

Amsa: Ka gwada da wayarka a kan Wi-Fi ɗin? In ita ma ba ta buɗe komai, ba laifin laftof ba ne: data ta ƙare, ko sabis ya ɗauke, ko an rufe layin. Kashe rauta, ka ba ta minti ɗaya, ka kunna. In laftof ce kaɗai, buɗe Command Prompt, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 na nufin rauta ba ta ba ta lamba ba, sai ka yi ipconfig /release, ka bi da ipconfig /renew. In bai yi ba, ka sa ta manta da Wi-Fi ɗin ka sake haɗawa, ka mayar da DNS, wato mai nemo wa kwamfuta adireshin shafuka, zuwa 8.8.8.8. Ka kuma kalli agogonta. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin da ke riƙe agogonta ya mutu takan koma wata shekara can baya, shafuka kuma su ƙi buɗewa saboda kwanan wata bai yi daidai ba.

Tambaya: Ɗana, datar wata nake saya wa rautar gidana amma ko kwana goma ba ta yi. Ni WhatsApp kawai nake yi. Anya ba kamfanin ne ke zuƙe mini ba? (Wata Hajiya daga Kano)

Amsa: Hajiya, kafin mu kai ƙarar kamfani mu fara leƙa ƙofar gida. Shin da yamma samarin layinku ba sa son zama a jikin katangarki, kowa ya sunkuyar da kai kan waya? A juya rautar, akwai takarda a ƙasanta mai adireshi, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. A rubuta shi a burauza a shiga, za a ga jerin duk na'urorin da ke kanta. Ki ƙirga wayoyin gidanki ki ƙirga na jerin.

Za ki ce ba ki ba kowa kalmar sirri ba. Ba sai kin bayar ba. Tun daga Android 10, duk wayar da ta taɓa haɗuwa tana iya nuna lambar QR, aboki ya ɗauka da kyamara ya shige. Jika ɗaya ya isa ya raba wa unguwa. A canza kalmar, kuma kada a sa lambar wayarki ko sunan autanki, duk layi an san su. A yi doguwa, haruffa da lambobi. A bar tsaro kan WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, wato hanyar haɗuwa da rauta ba tare da rubuta kalmar sirri ba, a kuma canza kalmar shiga rautar kanta, wadda mutane da yawa ke bari a kan admin. In akwai laftof a gidan a sa Wi-Fi ɗin a matsayin Metered connection don Windows ya rage sauke-sauke a ɓoye. Talabijin mai intanet da yara ke kallon YouTube a kai ma a sa masa ido, shi kaɗai yana iya cinye rabon gida.

Tambaya: Wi-Fi na kamawa sosai a falo, amma a ɗakin kwana sanda ɗaya. (Wani magidanci daga Bauchi)

Amsa: Fito da rautar daga bayan talabijin, ko daga durowar da ka ɓoye ta saboda yara. Ɗora ta sama, a fili, wajen tsakiyar gida, inda kuma take samun sabis. Bangon bulo da ƙofar ƙarfe su ke cinye sigina. In tana ba da suna biyu, na 2.4GHz ya fi ratsa bango, na 5GHz ya fi gudu amma a kusa, don haka a ɗaki ka hau na farko. In maƙwabta ma na da rauta, shiga saitin rautarka ka gwada tasha (channel) ta 1 ko 6 ko 11 a kan 2.4GHz. In duk bai yi ba, ja waya daga rautar zuwa wata ta biyu a can ɓangaren. Na fi yarda da waya a kan rifita, wato na'urar da ke kama sigina ta sake watsa shi, amma in rifitar za ka saya ka sa ta a rabin hanya, ba a cikin ɗakin da sigina ba ya kaiwa ba.

Tambaya: Gwajin gudu ya nuna mini 20Mbps, amma in ina sauke fayil 2.5MB kawai nake gani a daƙiƙa. An cuce ni ne? (Wani matashi daga Jos)

Amsa: Ba a cuce ka ba. Mbps bit yake ƙirgawa, MB kuwa bait, kuma bit 8 ke yin bait 1. Raba 20 gida 8 ka ga abin da zai ba ka.