Garwashi ya cika murhu, ɗaki kuma bai yi ɗumi ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Zariya ne, ina zaune a wani ƙauye a lardin Manitoba na Kanada. Gidan da nake haya da murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi ake ɗumama shi. Tun da Janairu ya kama, sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, ni kuwa ba na fasa cusa itace. Yanzu garwashi ya taru har bakin ƙofa, babu wurin sa sabon itace, ga ɗaki kamar randa. In kwashe in zubar ne, ko in sayi babban murhu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Riƙe kuɗinka tukuna, ɗan'uwa, murhun bai yi laifi ba.

Itace hawa biyu yake ci. Da fari hayaƙin da ke fita daga jikinsa ne ke kamawa da harshen wuta, kuma nan ne zafin yake da ƙarfi. Abin da ya rage ya zama garwashi, mai ci a hankali. Kai kuma sanyi ya hana ka haƙuri, kana ɗora sabon itace kafin na baya ya cinye, sai sabon ya danne tsohon ya toshe masa iska.

Ga yadda za ka yi. Ɗauki ƙarfen tonon wuta ka jawo garwashin gaba, kusa da ƙofa, domin a yawancin irin waɗannan murahu ta nan iska ke sauka. Ka motsa shi toka ta zube ƙasa, ka buɗe makullin iska gaba ɗaya, ka gitta siririn faskare ɗaya ko biyu a kai, busasshe ƙayau. Rufe ƙofar, ka zauna kusa. Za ka ga tulin ya yi jawur, wani shuɗin harshe na rawa a kansa, kafin awa guda ya zabge. Sannan ka cika murhun da kyau ka ƙyale shi, ka daina jefa guda-guda.

Sai batun saye. Ina zargin itacen oak ko na ash kake ƙonawa zalla. Su ne ƙiryar can, masu barin garwashi irin wanda maƙeri ke so. Ajiye su don kwanan dare. Da rana nemi poplar ko pine, masu ci fafaf su bar toka kawai, kuma poplar ba ya wuya a Manitoba. Haɗa da 'yar na'urar auna danshin itace: ka faskara guda, ka soka ta a sabuwar fuskar, in ya haura kashi 20 cikin 100 bai bushe ba, ko mai sayarwa ya rantse. Oak kan ɗauki shekara 2 kafin ya bushe sosai, ɗanye kuwa shi ya fi tara garwashi.

In ta kama dole ka kwashe, to a bokitin ƙarfe mai murfi, ka fitar da shi waje nan take, nesa da bango da dandamalin katako, don garwashi na kwanaki a raye cikin toka. Kada ka ce za ka bar shi a ɗaki ka ji ɗumi yadda ake shiga da kasko a gida lokacin hunturu. Ko a gidan ma abin na kashe mutane: iskar kabon monoksaid da garwashi ke fitarwa ba ta da wari, a cikin barci take ɗauke mutum. Na'urar da ke yin ƙara in ta ji wannan iska ita ce farkon abin da za ka saya, yau ɗin nan.

Babban murhu kuwa, gidan ba naka ba ne, sai mai gida ya yarda, kuma kamfanonin inshora na Kanada kan nemi takardar binciken WETT, wato shaidar cewa ƙwararre ya duba murhun da bututun hayaƙinsa. Kafin nan ka liƙe tagogi da leda, ka toshe ƙasan ƙofa, ka kunna hitar lantarki a awar da kake jiran garwashin ya cinye.