Kafin Ka Tafi Malta Koyon Turanci

Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Italiya ya rubuto yana neman shawara. Yana da takardar zama, Italiyanci ya zauna masa a baki, amma rashin Turanci ya hana shi samun aikin da ya fi na yanzu. So yake ya je Malta ya yi kwas na wata 6, yana ɗan taɓa aiki a gefe don kada abin da yake aika wa mahaifiyarsa ya yanke.

Malam, niyyarka mai kyau ce, wurin da ka zaɓa ma ba laifi. Malta ƙaramin tsibiri ne a kudu da tsibirin Sisili na Italiya, Ingila ta mulke shi har 1964, shi ya sa Turanci ya zama harshen hukuma tare da harshen 'yan ƙasar. Makarantun koyon Turanci sun fi yawa a garuruwan Sliema da St Julian's, kuma dole kowace ta mallaki lasisin ELT Council, hukumar da ke kula da su. Kada ka biya ko sisi sai ka tabbatar da lasisin nan.

Wata shidan ne ya dame ni. Malta ta shiga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake zirga-zirga tsakaninsu ba binciken kan iyaka, tun 2007, saboda haka takardarka ta Italiya za ta shigar da kai, amma kwana 90 kacal cikin kowane kwana 180, kuma ba ta ba ka izinin aiki a can ba. In za ka wuce haka, sai ka nemi biza ko izinin zama na ɗalibi daga Identità, hukumar da ke ba baƙi takardun zama a Malta. Aikin ma da ka ɗora rai a kansa, ɗalibin Turanci ba ya samun izininsa daga Jobsplus, hukumar samar da aiki ta ƙasar, sai ya cika kwana 90, sannan awa 20 ne a mako. Ga hayar ɗaki da tsada, don ƙasar ba fili, mutane sun haura rabin miliyan, baƙi kuma na tururuwa. Me zai rage da za ka tura gida?

Akwai abin da ya fi wannan haɗari. A dokar Italiya, wanda ya bar ƙasar fiye da wata 6 a jere yana iya rasa damar sabunta takardarsa, sai dai in mai shekara 2 ce ko fiye, nan kuma rabin wa'adinta ake dubawa. Takardar da ka sha wuya kafin ka samu, ban yarda ka saka ta a caca saboda kwas ba.

Shawarata, ka ɗauki mako 8 zuwa 12, lokacin sanyi, sa'ad da kuɗin makaranta da na masauki ke sauka, aji kuma ba cunkoso. Ka nemi hutu a rubuce daga wurin aikinka. In ka isa, ka guji zama da masu Italiyanci, don suna da yawa a can, kuma da su za ka wuni kana hira ka dawo yadda ka tafi.

Batun Hajiya kuwa, ka kira ta tun yanzu ka gaya mata gaskiyar abin da ka shirya. Ka tara kuɗin cefanen watannin nan, ka damƙa wa wanda ka amince da shi a gida kafin ka sayi tikiti.