Ƙanƙarar zangon Kumasi: amsa ga Yayata ta Katsina

Yaya, ya gida, ya zafin bazara? Kin ga hoton yara a ƙofar gidanmu a Aboabo, kowa riƙe da tsinke yana tsotso, kika ce wai ko mun zama Turawa ne. Wallahi na sha dariya. Ba na kanti ba ne, da hannuna na yi, kuma da wuya ki ratsa layi a zangon Kumasi ba ki tarar da wata mai firiza tana sayar da irinsa ba. 'Yan gari suna ce masa abele wols, mu a gidanmu ƙanƙara ce, kamar yadda kuke faɗa a Ƙofar Ƙaura.

Ku leda kuke ƙullawa, yaro ya huda gefe da haƙori. Mu ma muna ƙulla zoɓo haka, sai dai a nan sunansa sobolo, kuma da ɓawon abarba muke dafa shi. Amma ta tsinke a ƙananan kofuna ake zubawa. Nan ƙasar kurmi ce, abarba da ayaba da kwakwa da gwanda ba sa yankewa a kasuwar Kejetiya. Tonawa, wato Ashantawa 'yan gari, aborobe suke ce wa abarba, kin ji yadda sunan ya yi kusa da namu. Kayan marmarin nasu ne, hannun kuwa namu ne: citta da kanumfari da ɗan masoro, irin wanda kakanninmu fataken goro suka zo da shi. Maƙwabciyata Batoniya, da ta lasa sai ta ce ta 'yan zango ce, don tana yaji a maƙogwaro.

Ta abarba ita ce mai rigima. Farkon da na gwada, na markaɗa ɗanya na zuba madara, na bar ta a roba na tafi sallah. Ina dawowa ta tsinke, ga ɗaci kamar shuwaka. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ke cin madara, sai an tafasa ta yake mutuwa. Yanzu nakan ba ta tafasa ɗaya, ta huce sarai, sannan madara ta shiga. Mangwaro da ayaba ba ruwansu da wannan, in sun nuna tuɓus su suka fi ba da laushi.

Sukari kuma ki sa ya ɗan fi na abin sha, don sanyi yana danne zaƙi a harshe. In kika zarce, ba za ta daskare ba, sai ta tsaya kamar kunu. Kada ki cika kofin, ruwa yana kumbura in ya ƙanƙare. Tsinken sai ta fara kamawa ake soka shi, in ba haka ba ya kwanta gefe. Wajen cirewa ki tsoma gindin kofin a ruwa, za ta sulɓo.

Kin tambayi batun ɗauke wutar lantarki. Mu ma mun ɗanɗana, har suna gare ta, dumso, wato kashe-kunna da Tuwi, yaren Tonawa. A 2015 sai a yi yini da kwana babu, mata da yawa suka ajiye sana'ar. Tun lokacin na koyi cewa mai madara in ta narke ta ɗumama, zubarwa ake, ba a mayarwa. Shi ya sa a zafinku mai wuce digiri 40, wanda mu ba mu san irinsa ba, zan ce ki tsaya kan kankana da lemon tsami, ko tsamiya, ko mangwaro zalla.

In kin samu mai zuwa, ki aiko min da garin 'ya'yan kuka mudu biyu. Ana samu a nan daga arewacin Gana, amma Hajiya ta rantse ba ya kai na gida tsami, duk da rabonta da Katsina tun tana goye.