Gadin gidan maƙwabci: me ka rubuta ranar da ka karɓi makulli?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari da ke Kano ya aiko da tambaya. Ya ce maƙwabcinsa ya samu aiki a Jidda, ya tafi da iyalinsa wata goma sha huɗu ke nan, ya bar masa makullan gida, suka yi magana da baki cewa zai riƙa turo masa naira 25,000 duk wata ladan lura da gidan. Kuɗin ya zo na wata biyar, daga nan shiru. Da damina rufin ɗaki ɗaya ya yi yoyo, ya kashe wajen 80,000 daga aljihunsa ya gyara. Yanzu yana so ya san ko ya sa ɗan haya a shagon ƙofar gidan ya fanshe kuɗinsa, kuma ko ya nemi gidajen matafiya kamar goma ya mai da abin sana'a, tunda a ganinsa samu ne da ba ya buƙatar jari.

Malam, na karanta saƙonka sau biyu ina neman wurin da za ka ce kun rubuta wani abu, ban gani ba. Ka ɗauka matsalarka ita ce maƙwabcinka ya daina turo kuɗi, ni kuwa abin da ya tayar mini da hankali shi ne ka karɓi gidan mutum ɗungurungum, da gadaje da firji da akwatunan matarsa, ba tare da takarda ko ɗaya da ta ce ga abin da ke ciki, ga ladan da aka yanka, ga iyakar abin da aka yarje maka ka yi ba. Kai da ba za ka ba dillali turmin atamfa uku ba sai ka shigar a littafi, yaya aka yi dukiyar miliyoyi ta shigo hannunka a kan fatar baki?

Yi lissafin da kanka. Wata tara ba a biya ka ba, 225,000 ke nan, ka haɗa da 80,000 na rufi ya zama 305,000. Idan mai gidan ya dawo ya ce shi a saninsa wata shida kuka yi magana, ko ya ce bai umarce ka da gyara ba, da me za ka tsaya? Ƙa'idar da kowane alƙali ya sani ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa, kuma a wannan kuɗi kai ne mai da'awar. Ba ina cewa maƙwabcinka macuci ne ba. Mutumin kirki ma yana mantuwa, kuma wanda yake wata ƙasa yana fama da kuɗin haya da na takardun zama, gidan da ya bari a Kano ba shi ne farkon abin da yake tunawa da safe ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin, mutanen da suka yarda da juna.

Na taɓa zama a sulhun wani mai sayar da kayan gyaran babura da ya riƙe wa maƙwabcinsa gida shekara biyu. Mutum ne mai gaskiya, duk Juma'a sai ya shiga ya buɗe tagogi, ya duba gara a jikin ƙyamare, ya sa yara su share tsakar gida. Wata rana ƙanin mai gidan ya zo da a-kori-kura ya ce Yaya ya ce ya ɗauki janareta, shi kuwa ya ji nauyin ya tsaya bincike, ya buɗe masa. Da mai gidan ya dawo muka shiga tare, ga tabon baƙin mai a kan siminti, ga shatin ƙafafun injin a cikin ƙura, injin babu. Ƙanin ya ce shi bai san zancen ba. Daga nan uwargida ta ce keken ɗinkinta ma ba ta gan shi ba, kuma babu mai iya cewa yana gidan ranar tafiya ko an riga an kai shi gidan iyayenta. A gaban mai unguwa mutumin nan ya biya rabin kuɗin janaretan don a zauna lafiya, ladan wata takwas ya tafi a zama ɗaya, kuma har yau gaisuwa kawai ke tsakanin gidajen biyu.

Batun sa ɗan haya kuwa, kada ka kusance shi. Malaman fiƙihu sun ce wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka ba shi. Wannan kariya ita kaɗai ce ta rage maka a yanzu, kuma ranar da ka karɓi kuɗin haya a kan shagon da ba naka ba, ba da izinin mai shi ba, ka zubar da ita da hannunka. Gobara ko sata ko fashewar bango, duk a wuyanka za su sauka. Ƙari a kan haka, shigar ɗan haya tana da sauƙi, fitarsa sai da notis, wani lokaci sai an je kotu, kuma mai gidan yana iya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano gobe ya tarar da baƙo a ƙofarsa. Haka nan kada ka ajiye dilolin kayanka a gidan da sunan ai wuri ne a banza.

Abin da za ka yi a makon nan shi ne ka rubuta masa saƙo ta WhatsApp, cikin ladabi, ka jera watannin da aka biya da waɗanda suka rage, ka haɗa da hoton rufin da rasit ɗin kwano da ƙusa idan kana da shi, ka roƙe shi ya amsa a rubuce ko da da kalma ɗaya ce. Amsar nan ita ce takardarka ta farko. Sannan ka nemi ya ambaci mutum ɗaya daga danginsa, ku shiga gidan tare da shi da mai unguwa ko limamin masallacinku, ku bi ɗaki ɗaki kuna ɗaukar bidiyo, ku rubuta duk abin da ke da daraja a littafi mai bango, har da injin jan ruwa da mitar wuta, kowa ya sa hannu. Na san za ka ce wata goma sha huɗu sun wuce, yanzu yin haka zai zama kamar zargi. Ka gaya masa gaskiya cewa kanka kake karewa, shi ma kana kare shi. Daga ranar, ko cokali ba zai fita ba sai ka ji daga bakinsa kuma ka ajiye saƙon, gyaran da ya haura 10,000 sai da izininsa tukuna, lada kuma ta banki, domin ya bar shaida.

Mafarkin gidaje goma ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Ka ga 250,000 a wata, ba ka ga cewa 25,000 ba ta kai naira 850 a rana ba, alhali gidan da ba a unguwarku yake ba sai ka hau a-daidaita-sahu zuwa da dawowa, ka bar shagonka a hannun yara. Wannan gidan kana iya lura da shi ne saboda katanga ɗaya ta raba ku, motsin dare yana shiga kunnenka. Gidan da ke nesa, masu zare wayoyin wuta da kwance famfuna dare ɗaya ya ishe su, kuma idan ka ce za ka ɗauki mai gadi, mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun 2024 naira 70,000 ne, ko rabinsa ka biya ya cinye ladan gidan har da ƙari. Jarin da ka ce babu, sunanka ne a kasuwa da kuɗin da za ka biya ranar da abu ya ɓace. Wanda bai iya karɓar haƙƙinsa a gida ɗaya ba, ninka asarar zai yi sau goma.

Idan maƙwabcin ya amsa ya kuma fara biya, ka ci gaba da riƙon bisa sabon sharaɗin, ku sa wa'adin shekara ɗaya a sake zama. Idan ya yi shiru har wata guda, ka sanar da shi ranar da za ka sauke nauyin, ka miƙa makullan ga ɗan'uwan da ya ambata a gaban mai unguwa bayan an ƙirga kaya an sa hannu, bashin 305,000 kuma ya zauna a rubuce har ya dawo.