Hukuncin Ɗaure Hannun Majinyaci a Gadon Asibiti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun kawo Baba daga Daura zuwa wani asibiti a Katsina, aka kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman, da robar numfashi a maƙogwaronsa. Da na shiga dubiya, sai na tarar an ɗaure masa hannu biyu da bandeji a ƙarfen gado. Dattijo mai shekara 74, wanda ko ɗaga murya ba ma yi a gabansa! Yana kallona yana jan hannun. Na kai hannu zan kwance, nas ta hana ni. Wannan ya halatta? Shirun da muka yi akwai alhaki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Asali dai ɗaure ɗan Adam haramun ne, domin Allah ya ce ya karrama 'ya'yan Adam (Isra'i, aya ta 70). Mai hankalinsa kuwa ko magani ba a tilasta masa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa sun ɗura wa Annabi (SAW) magani ta gefen baki yana yi musu ishara su bari, da ya farfaɗo bai yarda da abin ba.

Amma halin Baba daban ne. Wanda ke kan na'urar numfashi, zafin ciwo da magungunan sa barci da rashin bambance dare da rana sukan rikita masa tunani. Sai ya ji robar tamkar shaƙe shi ake yi, ya fizge ta bai san ya yi ba. Robar nan da 'yar balan-balan a ƙarshenta, tana iya ji masa rauni a maƙogwaro, numfashi kuma ya yanke kafin likita ya mayar da ita. Haka robar abinci ta hanci, da ta fitsari, da allurar ƙarin ruwa. Wannan ne nas take gudu. A nan ƙa'idar malamai ita ce a ɗauki mafi sauƙin cuta biyu, kuma tsare rai yana gaba. Don haka ya halatta, ba ku da alhaki, nas ɗin ma ta yi daidai da ta hana ka.

Sai dai lalura ana auna ta gwargwadonta, kuma nan ne nake so ka sa ido. A fara gwada abin da ya fi sauƙi: rage masa zafi, yi masa bayani, barin wani nasa ya zauna kusa idan dokar ɗakin ta yarda. Ɗaurin ya zama da sanin likita, da abu mai laushi, yatsa biyu su iya shiga ƙarƙashinsa. A riƙa kwancewa ana duba hannun, ko ya kumbura ko ya yi sanyi, a juya shi, a rufe masa al'aura. Da hankali ya dawo a cire. Ɗauri shi kansa yakan ƙara firgita majinyaci.

Na san ma'aikatan jinya sun yi ƙaranci, nas ɗaya takan kwana tsaye a kan gadaje da yawa, ina kuma tausaya musu. Duk da haka, ɗaure mutum don a huta da shi, ko don ya cika ƙorafi, zalunci ne. Hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya ce ba cuta, ba cutarwa.

Ka je ka tambayi likita cikin ladabi me ya sa aka ɗaure shi da yaushe za a sake dubawa, haƙƙinka ne. Idan ka shiga, ka riƙe hannun nan da ke ɗaure, ka faɗa masa sunanka da ranar da ake ciki, ka karanta masa Fatiha a hankali.

Wallahu a'alam.