Gidajen katako a tsaunin Mambila: a ina jarin zai maƙale?

Tambaya: Ni ɗan kasuwar katako ne a Jalingo. Na tara naira miliyan 12, ina so in riƙa ƙera gidajen katako ɓangare-ɓangare a shagona, in loda a mota in kai ƙauyukan tsaunin Mambila a harhaɗa su a can. Wannan sana'a za ta fitar da ni?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Akwai abinci a wannan harka, amma ba ta hanyar da ka tsara ba.

Fara da tambayar kanka wanda za ka yi gasa da shi. Ba wani kamfani ba ne, ƙasar da mutumin ƙauye yake takawa ce. Manomi a bayan Gembu ko Nguroje yana buga bulon ƙasa da rani shi da 'ya'yansa, ya sare itacen zaiti, wanda wasu ke kira turare, da ya dasa a bayan gida ya yi rufi, kuɗinsa ba ya fita sai a kwano da ƙusa da ladan kafinta. Ga shi kuma wurin tudu ne mai tsayin kusan mita 1,600, dare akwai sanyi, ɗakin ƙasa kuwa yana riƙe ɗumi fiye da bangon katako falle ɗaya. Wannan mutumin ba zai sayi gidanka ba, kuma yana da gaskiya.

Masu sayenka su ne waɗanda lokaci ya fi musu tsada, ko waɗanda filin ba nasu ba ne. Mai shago da ya karɓi hayar fili a bakin kasuwa, yana son ginin da zai kwance ya tafi da shi ranar da aka tashe shi. Makaranta da ke neman ɗakin malamai, ƙaramin asibiti da ke neman masaukin ma'aikata, mai shanu da ke son ɗakin ajiya kusa da makiyaya. Su za ka bi. Ga sauran jama'a kuwa, sayar musu da abin da bulon ƙasa ba ya bayarwa: ƙofa da taga da ƙwarangwal ɗin rufi da aka yanka daidai awo. Kuɗin cefanenka na yau da kullum daga nan zai fito.

Batun ƙerawa a Jalingo, ka cire shi daga ranka. Daga Bali zuwa Serti, sannan a kama hawan dutsen nan mai kwana-kwana har Maisamari, kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye ribar, alhali itacen yana can saman. Mambila cike take da zaiti, kuma idan an sare shi kututturen yana sake tofowa. Kafa shagon a Nguroje ko Gembu. Awon ɓangarorin ma hanya ce za ta yanke maka shi: wasu ƙauyukan sai tsohuwar Land Rover, wasu sai babur, wasu sai an tsallaka kogin Donga a kwalekwale. Duk ɓangaren da ƙarti biyu ba za su iya ɗauka ba ya yi girma. Kada ka wuce ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, kuma ka tsaya a kan awo ɗaya, domin yaran shago su saba, ɓarnar katako ta ragu.

Yanzu ga inda kuɗinka zai kwana. Zaiti ɗanye mugun itace ne wajen bushewa. Ka tsaga tu-bai-fo, wato katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4, yau miƙaƙƙe sambal, bayan wata guda ka tarar ya lanƙwashe, bakinsa ya dare. A rufin gida ana iya haƙuri da wannan, amma a ginin da ake harhaɗawa, in katako ya murɗe ramin noti ba zai hau kan ɗan'uwansa ba, ƙofa ta ƙi rufuwa, iska ta riƙa shiga ta tsagar bango. Gida ɗaya irin wannan a bakin hanya ya isa ya kashe maka kasuwa a gundumar. Dole ka jera katakon a rumfa mai rufi, nesa da ƙasa, da 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, ka shafa fenti a bakunan, ka ɗora nauyi a sama. Damina a can doguwa ce, tana kai wata bakwai ko fiye, saboda haka bushewar watanni take ci. Duk tsawon lokacin nan jarinka yana zaune a rumfa ba ya haihuwa. Shi ya sa nake ganin kashi ɗaya cikin uku na miliyan 12 ɗin ya tafi a katako da rumfar busarwa, kashi ɗaya a injin tsaga da na gogewa da janareta da gidan gwaji guda, na ukun kuma ka ajiye shi kada ka taɓa, shi zai riƙe albashi da mai kafin ciniki ya kankama. Ka sayi ɗan na'urar auna danshin katako, ba ta da tsada.

Gara da ruɓa ana maganinsu tun daga tushe. Ɗora ginin a kan ginshiƙan dutse ko siminti, ka tsawaita bakin kwano don feshin ruwa ya daina dukan bango, ka jiƙa katakon da maganin gara na gaske. Baƙin man da kafintoci ke shafawa ya tsaya a ginshiƙin waje, ba ɗakin da yara za su kwana ba.

Kada ka yanka ko falle ɗaya na gidan wani sai da kafin alƙalami, aƙalla rabin kuɗin. A fiƙihu wannan ciniki sunansa istisna'i: a rubuta awo da irin katako da farashi da ranar miƙawa, a gaban shaidu. Idan aikin gwamnati ne, ka ɗauka biyan zai yi jinkiri, kada ka zuba masa fiye da abin da za ka iya jira.

Itace kuma ka saya daga mai gonar da ya dasa, da shaidar mai unguwa da takardar ma'aikatan gandun daji, don rigimar fili a Mambila ba abin wasa ba ce. Gandun Gashaka Gumti da kurmin Ngel Nyaki ba a sara a cikinsu, kuma duk wanda ya kawo maka madobiya da araha, ka ce masa a kai kasuwa.