Daga Ina Ake Fara Tsara Na'urar Tsefe Hasken Taurari?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin fiziks ne. Na karanta cewa ana haɗa manyan madubban hangen nesa da wata na'ura mai suna sifektirogiraf. In an ce mutum ya tsara irinta, daga ina zai fara, kuma me ya fi wuya?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗana. Kafin ka taɓa gilashi ko ƙarfe, sai ka san abin da kake so hasken ya gaya maka. Aikin na'urar shi ne ta tsefe haske zuwa launukansa kamar bakan gizo, a ga siraran layukan nan masu duhu da masanin haske Bajamushe Fraunhofer ya lura da su a hasken rana a 1814. Su ke nuna sinadaran da ke jikin tauraro da saurin tafiyarsa.

Tsarin kansa ba ɓoyayye ba ne. Haske ya shiga ta wata 'yar tsaga, madubi ya miƙar da shi, ya faɗa kan faranti mai dubban zane-zane da ke warware launuka, sannan kyamara ta tattara shi kan na'urar ɗaukar hoto da aka sanyaya ƙwarai don rage hayaniyar lantarki.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarfin rarrabewa, wato yadda na'urar ke iya bambanta layuka biyu da ke daf da juna. Sinadarin sodiyom yana da layuka biyu maƙwabta, ɗaya a nanomita 589.0, ɗaya a 589.6 (nanomita ma'auni ne na tsawon zangon haske). Na'ura mai ƙarfin 1,000 za ta iya raba su da ƙyar. Mai neman duniyoyin da ke kewaya wasu taurari kuwa, sai ya haura 100,000. To amma iskar samaniya tana sa hoton tauraro ya yi ta rawa yana faɗaɗa. Ka matse tsagar don layuka su fito tsaf, sai ka zubar da haske a bakin ƙofa. Ka buɗe ta, layukan su cakuɗe. Kuma duk girman madubin hangen, haka na'urar za ta ƙara girma da tsada kafin ta riƙe wannan ƙarfi.

A ganina, abin da masu farawa suka fi rainawa shi ne natsuwar na'ura. In ka rataye ta a jikin madubin, duk juyin da ya yi sai ƙarfen ya ɗan lanƙwashe, layuka su goce. Shi ya sa HARPS, wata sifektirogiraf ta neman duniyoyin wasu taurari wadda ta fara aiki a 2003 a La Silla ta ƙasar Chile, aka ajiye ta a ɗaki daban, cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, zaren gilashi ne ke kawo mata haske daga madubi mai faɗin mita 3.6. Ana tsare zafinta kada ya motsa ko da kashi ɗaya cikin ɗari na digiri, ana kuma auna ta da fitilar sinadaran toriyom da argon, wadda aka san matsayin layukanta. Da haka take gane motsin tauraro na kusan mita ɗaya a daƙiƙa, wato saurin mutum mai tafiya a ƙafa.